"Ai Wani Zai Fito": Yadda Muke Asarar Haƙoran Yaranmu

Ƙanwata ta kira ni wata Laraba bayan sallar asuba, muryarta a dashe don rashin barci. Ɗanta mai shekara takwas ya kwana yana kuka, hannu dafe da kunci, kafin gari ya waye kumatunsa na hagu ya haye kamar ya cusa goruba a baki. Da na isa gidan na ce ya buɗe baki, na haska da fitilar waya. Can ƙurya, a ƙasa, ga wani turmin haƙori da baƙin rami a tsakiyarsa, dasashin gefensa ya yi jawur ya tasa. Na tambaye ta tun yaushe ta ga ramin nan.

Ta ce, "Wallahi Yaya ya fi shekara. Na ɗauka na nono ne, na ce ai zai famfare wani ya fito."

A asibiti, likitar ta duba, ta sa aka ɗauki hoto, sannan ta juyo ta ce, "Hajiya, wannan ba ya famfara. Shi ne wanda ya kamata ya tsufa da shi." Ruɓar ta riga ta cinye shi har gindi. Bayan kumburin ya saɓe aka cire. Yaron da bai gama firamare ba ya rasa haƙorin da ya fi kowanne aikin tauna, kuma babu wani da zai maye gurbinsa.

Ƙanwata ba sakarai ba ce, ba kuma mai sakaci da 'ya'ya ba. Abin da ta faɗa shi ne abin da aka gaya mana duka tun muna yara, mu ma muke gaya wa namu: haƙorin yaro na aro ne. Maganar tana da gaskiya a ciki, kuma wannan 'yar gaskiyar ce ke sa ta yin ɓarna. Haƙora 20 kacal ne ke da magaji. Su ma sau ɗaya tak. Kuma akwai shekaru kusan shida, daga shekara shida zuwa goma sha biyu, da na nono da na dindindin ke zaune a baki ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, iyaye ba su san wanne ne wanne ba.

Ga yadda lissafin yake. Haƙorin farko kan ɓullo wajen wata shida, galibi na gaba a ƙasa, kodayake wani yaron kan yi sauri wani ya yi jinkiri. Kafin shekara uku 20 ɗin sun cika, goma sama goma ƙasa. Wajen shekara shida famfara ke farawa daga gaba, kowa ya ga giɓi, ana yi wa yaro tsiya. Muna ƙanana har cewa ake a jefa haƙorin kan rufi, a ɓoye giɓin kada ƙadangare ya gani. To a daidai lokacin da hankalin kowa ke kan giɓin gaba, wasu manyan turame huɗu na fitowa can baya, bayan na nono na ƙarshe, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba su wuri ba. Shigowarsu shiru ce. Shi ya sa uwa ke ƙirga su cikin na nono. Kuma su ne suka fi saurin ruɓewa, domin samansu na da kwaruruka masu zurfi da abinci ke maƙalewa, ɓawonsu bai gama ƙwari ba, suna kuma inda buroshin yaro ba ya kaiwa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane su. A fara ƙirga daga tsakiyar baki, daga inda wushirya take zama, a nufi baya ta gefe ɗaya. Haƙoran nono biyar ne a kowane ɓangare. Idan aka kai na shida, wannan na dindindin ne. Da ƙanwata ta san wannan ƙirgar, da labarin ya canja.

Amma ko da ramin a haƙorin nono yake, barinsa kuskure ne. Turamen nono ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara goma zuwa sha biyu. Ramin da ya fara a shekara huɗu ke nan yana da shekara shida ko fiye da zai yi yana cin yaro. Yaron da haƙori ke wa ciwo ba ya tauna nama, ba ya tauna ƙwaƙƙwaran abinci, sai ya koma wa koko da shayi da biredi, wato ya koma wa abin da ya jawo matsalar. Ba ya barci, ba ya gane karatu, a ce masa mai rigima. Sannan ƙarƙashin kowane haƙorin nono akwai magajinsa yana ginuwa a cikin ƙashi. Idan mugunya ta taru a gindin na sama, tana iya ɓata ɓawon na ƙasa tun kafin ya fito. Idan kuma aka cire na nono da wuri, maƙwabtansa sai su matso su cike gurbin, magaji ya zo bai sami wuri ba ya fito a karkace. Yawancin cunkoson haƙoran da muke gani a bakin samari da 'yan mata, wasu gado ne, wasu kuwa daga nan suka samo asali.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kuma yara miliyan 514 ne ke da ruɓa a haƙoran nono. Bambancin shi ne, a wasu ƙasashen ana cike ramin tun yana ƙarami. A wurinmu galibi ba a ganin likita sai fuska ta kumbura, lokacin da ba abin da ya rage sai cirewa. Daga nan ne mutane suka ɗauka aikin likitan haƙori cire haƙori ne kawai, suka ƙara gudunsa.

Yanzu mu zo ga tambayar da ta fi muhimmanci: me ke cin haƙori?

Ba tsutsa ba ce. Wannan imanin ya daɗe a duniya, ba mu kaɗai muka yi shi ba, kuma har yau akwai masu yawo a kasuwa suna turara wa mutane hayaƙi, su nuna musu wasu fararen abubuwa a ruwa su ce ga tsutsar ta fito. Babu wata tsutsa. Abin da ke akwai shi ne ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, masu zama cikin farar dauɗar nan mai yauƙi da ke taruwa a wuyan haƙori, wadda in ka kankara da farce za ka gan ta. Fitacciya a cikinsu ita ce wadda masana ke kira Streptococcus mutans. Abincinsu sukari ne. Da zarar sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani tsami, asid, cikin 'yan mintoci. Ɓawon haƙori shi ne abu mafi ƙarfi a jikin mutum, ya fi ƙashi, amma tsamin nan na narkar da ma'adinan da aka gina shi da su, kamar yadda ruwan sama ke zaizayar katangar ƙasa.

Allah cikin hikimarsa ya sa wa bakin mai gyara, shi ne yawu. Yawu na wanke sukarin, ya kashe kaifin tsamin, ya mayar wa haƙori ma'adinan da ya rasa. Sai dai yana buƙatar lokaci, daga kamar rabin awa zuwa awa guda bayan kowane ci. Don haka kullum haƙori tsakanin zaizaya da yaɓe yake. In yaɓen ya fi yawa, haƙori ya zauna lafiya. In zaizayar ta rinjaya wata da watanni, sai rami.

Nan ne inda yawancin iyaye ke kuskuren lissafi. Muna duba yawan zaƙin da yaro ya sha, alhali abin da ya fi cin haƙori shi ne sau nawa ya sha, da kuma tsawon lokacin da zaƙin ya yi a bakinsa. Yaron da ya cinye alawa biyar a zama ɗaya bayan abincin rana, haƙorinsa ya sha hari ɗaya. Wanda aka ba shi biyar ɗin nan ya riƙa tsotsa ɗaya bayan ɗaya daga hantsi zuwa la'asar, bakinsa ya wuni cikin tsami, yawu bai sami sararin yin gyara ba. An tabbatar da wannan ta hanya mai muni a wani asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa da ke Vipeholm a ƙasar Suwidin, daga tsakiyar shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1950, inda aka riƙa ba marasa lafiya alawa mai danƙo tsakanin abinci don a ga abin da zai faru. Haƙoransu suka lalace fiye da na waɗanda aka ba sukari tare da abinci. Zalunci ne da yau ba za a yarda a yi wa kowa ba, amma abin da ya bayyana bai canja ba har yanzu.

Sai mu dubi ranar yaro a birni irin Kano ko Kaduna ko Maraɗi. Da safe shayi da sukari cokali uku, da biredi. A jakar makaranta biskit da ɗan kwalin lemo. Lokacin tara, kuɗin da aka ba shi ya tafi wurin mai tuwon madara ko iloka. An tashi, ga mai askirim a bakin ƙofa. Da yamma a hanyar Islamiyya, minti ko cingam ko ƙullin zoɓo mai sanyi. Baƙo ya zo da magariba da tsarabar cakulan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira mugun abu shi kaɗai, kuma duk cikin ƙauna aka bayar. Amma a ƙirga: hari shida ko bakwai a rana, kowace rana. Masu danƙon cikinsu, irin su alawar madara da gullisuwa, har da biskit da ke zama kamar ƙullu a kwarin turmi, sun fi daɗewa suna aiki. Kwalbar lemo mai rabin lita kuwa tana ɗauke da sukarin da ya kai giram 50 ko fiye, wajen ƙaramin cokali goma sha biyu, ga kuma nata tsamin. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi, wato kamar ƙaramin cokali shida ga babba. Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2022, amma da tsadar yau wannan ba ya hana kowa saye.

Ba na cewa a hana yara zaƙi ƙwata-ƙwata. Ba zai yiwu ba, kuma duk wanda ya yi yarinta ya san daɗin alawar Sallah. Abin da zai yiwu shi ne a tattara zaƙin wuri ɗaya, a haɗa shi da lokacin abinci, a bi da ruwa, tsakanin abinci kuma a ba yaro gyaɗa, ko ƙwai, ko gurji, ko ayaba, ko ruwa zalla.

Mafi munin hari na dare ne. Idan mutum ya yi barci, yawu kan ragu sosai, mai gyaran ya tafi hutu. Jaririn da aka kwantar da fida a baki, cike da madarar gwangwani da sukari, ko shayi, ko kunu mai zaƙi, haƙoransa na sama na gaba kwana suke a jiƙe cikin zaƙi. Shi ya sa za ka ga yaro ɗan shekara biyu ko uku haƙoransa huɗu na sama sun yi baƙi sun guntule zuwa dasashi, na ƙasa kuwa lafiya lau saboda harshe ya rufe su. Mutane kan ce maganin asibiti ne ya ƙona su, ko kuma haka ya fito da su. Akwai 'yar gaskiya game da magani: yawancin magungunan ruwa na yara, na tari da na zazzaɓi da na ƙarin jini, cike suke da sukari, kuma da dare ake ba da su. Yaron da ke shan magani kullum, kamar mai sikila, ya kamata a riƙa ba shi ruwa ko a goge masa baki bayan kowane sha. Nonon uwa kuwa kada wannan bayani ya sa kowa ta rage shi. A shayar zalla wata shida, a ci gaba har shekara biyu. Abin da ake so shi ne da zarar haƙori ya fito, a riƙa tsabtace shi kafin barci.

Batun tsabtar ma akwai abin da ya kamata a fayyace. Mu mutane ne masu asuwaki. Manzon Allah (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla, kuma itacen asuwaki, ko na Makka ko na darbejiya ko marke, yana kankare dauɗa sosai a hannun wanda ya iya. Amma ɗan shekara huɗu bai iya kai shi kwarin turmi ba, kuma akwai abin da man goge baki ke da shi wanda aka tabbatar yana hana ruɓa: sinadarin fuloraid. Shi ne ke shiga ɓawon haƙori ya ƙara masa juriya ga tsami, ya kuma hanzarta yaɓen da yawu ke yi. Muhimmancinsa ya kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna a 2021. A duba jikin kwalin, a ga lambar da ke nuna yawan fuloraid tana tsakanin 1000 da 1500. Wasu mayukan da ake sayarwa da sunan na yara, masu ƙamshin alawa da hoton 'yar tsana, ba su kai haka ba. Asuwaki da rana, buroshi da makilin safe da dare. Ba kishiyoyin juna ba ne.

Yadda ake yi ma da sauƙi, sai dai ba a cika faɗa wa iyaye ba. Tun daga haƙorin farko ake farawa. Ƙasa da shekara uku, man da za a shafa bai wuce girman ƙwayar shinkafa ba. Daga uku zuwa shida, kamar ƙwayar wake ƙarama. Minti biyu, sau biyu, kuma na dare ya fi na safe daraja, alhali mu na safe kaɗai muka sani. In an gama, yaro ya tofar kawai, kada ya kurkure, don kurkurewa na wanke fuloraid ɗin da ake so ya kwana a kan haƙori. Kuma babba ne zai goge masa, ko ya bi bayansa ya sake, har ya kai shekara bakwai ko takwas. Uwa ta zauna, ta ɗora kan yaron a cinyarta kamar za ta yi masa kitso, ta ɗaga leɓe ta ga abin da take yi. Gawayi da toka da gishiri da wasu ke dirza wa yara don haƙori ya yi fari, goge ɓawon suke, kuma ɓawon da ya tafi ba ya dawowa.

Wani zai ce, ai fuloraid ɗin nan shi ya ɓata haƙoran mutanen wasu garuruwa. Haka ne, idan ya yi yawa a ruwan sha. A Langtang ta jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe an san haƙora masu dabbare-dabbaren ruwan ƙasa saboda ruwan yankin. A Tibiri kusa da Maraɗi kuwa abin ya wuce haƙori: ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da dama a ƙarshen ƙarnin da ya wuce. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha ita ce miligiram 1.5 a lita. Wancan haɗiya ce ta shekara da shekaru; na man goge baki kuwa shafawa ce a tofar. Shi ya sa ma aka ƙayyade wa ƙananan yara ƙwayar shinkafa.

Ruɓa ba ta fara da baƙi. Alamarta ta farko farin layi ne dusu-dusu, kamar alli, a wuyan haƙori kusa da dasashi. A wannan matakin ana iya juya ta baya da rage zaƙi da fuloraid, ba tare da an taɓa haƙorin da ƙarfe ba. In ta huda ɓawo ta shiga ƙashin ciki, sai ciko. In ta kai jijiya, nan ne ciwon dare ke farawa. Sai kuma wani lokaci ciwon ya ɗauke, iyaye su yi hamdala, alhali jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a gindi. Ɗan ƙurjin da ke fitowa a dasashi yana fashewa yana dawowa, shaidar haka ce. Kanumfari da farasitamol na rage zogi kafin a isa asibiti, amma ba sa toshe rami. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona nama yake yi, kuma asfirin ba maganin yara ba ne. Ruwan batir da fetur da wasu ke ɗigawa kuwa, don Allah a bari. Idan kumburi ya kai ido, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa, yaro na zazzaɓi, ba ya iya buɗe baki ko haɗiya, wannan ba na jiran gobe ba ne, yana iya toshe numfashi.

Haka nan duk yaron da ke fama da tamowa, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, aka ga dasashinsa na jini, bakinsa na wari, kunci ya fara kumbura, a garzaya da shi. Da haka cutar noma ke farawa, wadda ke cinye fuskar yara 'yan shekara biyu zuwa shida cikin kwanaki, wasu na danganta ta da iska. A farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki na tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023.

Kafin in bar batun ƙananan yara, kalma ɗaya kan "haƙori". Jariri na zawo, jikinsa zafi rau, a ce haƙori ne. Fitar haƙori na sa dalalar yawu da ƙaiƙayin dasashi da ɗan fitina, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko zawo mai tsanani. Shekarun ne suka zo ɗaya da lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki. Kiran maleriya ko zawo da sunan haƙori ya jinkirta kai yara da yawa asibiti. Kuma ba mu manta 2008 ba, lokacin da maganin haƙori na My Pikin da ya gurɓata da guba ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya. Tsabtataccen yatsa a murza dasashi ya wadatar.

Ruɓa shekaru take ɗauka. Rauni kuwa ƙiftawar ido ne, kuma a nan ma "wani zai fito" ce ke yanke hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan yaro ɗaya cikin biyar 'yan ƙasa da shekara 12 ya taɓa jin rauni a haƙori. Masu koyon tafiya na faɗuwa kan siminti ko bakin gado; manya kuma ƙwallo, langa, keke, dambe, faɗowa daga bishiyar mangwaro ko bayan babur. Kusan kullum haƙoran sama na gaba ne ke karɓar dukan, musamman ga yaron da nasa suka turo waje.

A ce yarinya 'yar shekara tara ta faɗi a filin makaranta, haƙorinta na gaba ya fita ɗungurungum da saiwarsa, yana kwance a ƙasa. Abin da aka saba: a wanke mata baki, a danna auduga, a jefar da haƙorin, ko in an kyauta a naɗe shi a takarda a ba ta ta kai gida. Kaɗan ne suka san cewa haƙorin nan ana iya mayar da shi ya kama. A jikin saiwarsa akwai wata siririyar fata mai rai, ita ce ke ɗaure haƙori da ƙashi. Muddin tana raye, ana sa ran zai kama. Bushewa ce ke kashe ta. Bayan kamar awa ɗaya a bushe, ta mutu. Ke nan makomar haƙorin tana hannun malamin da ke tsaye a wurin, ba likitan da ke cikin gari ba.

Abin yi shi ne a ɗauke shi ta kansa, farin da aka saba gani, kada a taɓa saiwar. In ya yi ƙasa, a ɗauraye shi 'yan daƙiƙu da madara ko ruwan gishirin asibiti irin na ƙarin ruwa, in babu da ruwa mai tsabta, ba dirzawa, ba sabulu, ba Dettol. Sai a mayar da shi raminsa, fuskarsa na kallon waje kamar ɗan'uwansa, a danna a hankali, yarinyar ta ciji hankici mai tsabta, a wuce wurin likita. Zai ɗaure shi da siririyar waya jikin maƙwabtansa na kamar mako biyu, ya duba batun allurar tetanus, ya ci gaba da bibiya don sau da yawa jijiyar na buƙatar aiki daga baya. In an kasa mayarwa, a tsoma shi cikin madarar ruwa. Ba kindirmo ko nono mai tsami ba. In babu madara, wanda shi ne ya fi yiwuwa a makarantunmu, yarinyar ta tofa yawunta a murfin kwalba ko ɗan kofi a sa shi ciki. Ruwa zalla ba shi da kyau ga fatar nan, amma ya fi a bar shi a bushe cikin takarda.

Dalilin da ya sa ya cancanci wannan wahalar: yaron da ya rasa haƙorin gaba a shekara tara ba za a iya dasa masa na ƙarfe ba sai ya gama girma, kuma kafin nan ƙashin wurin ya shanye. Shekara goma ke nan na giɓi ko haƙorin roba, a daidai shekarun da yaro ya fi jin kunyar bakinsa.

Sai dai a kula, wannan duk na haƙorin dindindin ne. Haƙorin nono in ya fita, ba a mayar da shi, domin turawar na iya raunata magajin da ke ƙarƙashi. Bambancewa ba wuya: yaron da bai kai shekara shida ba, na nono ne, na dindindin ya fi girma, ya ɗan fi ɗorawa, bakinsa da ƙananan tsaga kamar zarto in sabo ne. Idan guntu ne ya ɓalle, a nemo shi a sa a madara, ana iya manna shi. In aka ga jan ɗigo a inda ya karye, jijiya ta fito fili, a je a ranar. In haƙori ya ɓace ba a gan shi a ƙasa ba, wataƙila ya nutse cikin dasashi, ko guntunsa ya shige leɓe, ko an shaƙe shi, hoto ne zai nuna. Wanda kuma ya bugu bai motsa ba, a sa masa ido: in ya fara yin toka-toka bayan makonni ko watanni, jijiyar ta taɓu. Duk wannan bayan an tabbatar kan yaron lafiya. In ya suma, ko yana amai, ko magagi, sashen gaggawa ne farko, haƙori ya jira.

Na san abin da mai karatu a ƙauye zai ce: ina likitan? Gaskiya ne. Likitocin haƙori kaɗan ne, kuma sun taru a manyan birane, duk da cewa jami'o'i irin su Bayero ta Kano da ta Maiduguri na yaye su yanzu. Amma ba kowane aiki ne ke buƙatar kujerar nan mai injin huda da wutar lantarki ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata hanya a Tanzaniya, inda ake kwashe ruɓa da ƙananan kayan hannu, a cike ramin da wani siminti mai sakin fuloraid, ba wuta, galibi ba allura. Akwai kuma ruwan magani na azurfa da fuloraid da ake ɗiga wa rami ya tsayar da ruɓar. Aibinsa kawai yana mayar da wurin baƙi, abin da ba zai dami kowa ba a turmin nono. Dukansu biyun suna cikin jerin muhimman magungunan nan na 2021. Ma'aikacin lafiyar baki da aka horar zai iya yin su a kan bencin aji ko a ɗakin shan magani na unguwa. Muna kai jarirai allurar rigakafi sau da dama kafin su cika shekara biyu. Babu abin da zai hana ma'aikaciyar da ke riƙe da katin ta ɗaga leɓen yaro ta duba, ta tambayi uwa abin da ke cikin fidar dare.

Ɗan ƙanwata yanzu yana da shekara goma. Da aka duba sauran turamensa uku a wancan zuwan, biyu sun fara rami, aka cike su, na ukun aka shafe kwarinsa da abin toshewa, kuma duka ukun suna nan. Ƙanwarsa ta cika shida a watan jiya. Da na je gidan ranar Juma'a na tarar uwar ta kwantar da kanta a cinya, fitilar waya a hannu, tana ƙirgawa daga tsakiya. A ƙasa ta dama, bayan na biyar, wani farin tsini ya fara huda dasashi.